Damin da Ishaku Yake Kaiwa

Idan ka baro Mafara ka kama hanyar Bakura, kafin ka kai rabi za ka ga wata 'yar hanya ta ratse hagu, wadda da damina babur kaɗai ke iya binta. Ita ke kai mutum wani gari mai suna biyu. Mutanen cikinsa suna ce masa Sabon Farin Yashi. Na waje kuwa Tungar Baƙi suke ce masa, alhali 'yan matan da aka fara haifa a wurin yau jikokinsu suke goyo. A nan Malam Ishaku Ɗantala yake zaune, wani ɗan gajeren dattijo mai saurin tafiya, wanda garin ya ce shi ya raba su da gonakinsu. Ba ƙarya suka yi masa ba, amma kuma ba su faɗi maganar duka ba.

An haife shi a tsohon Farin Yashi, a bakin gulbi, cikin ƙasar Maradun. Fadama ce wadda ba ta taɓa neman taki ba, ga albasa, ga rogo, ga kifi idan ruwa ya janye. Yana da shekara goma sha bakwai aka datse gulbin, ruwa ya taso ya ci garin da masallacinsa da maƙabartarsa. Wurin da aka nuna musu su koma tsandauri ne. Mahaifinsa Ɗantala ya tona ƙasar da ƙafa sau ɗaya, ya ce shi ba zai binne irinsa a nan ba. Ya ɗora kaya a jakuna, gida goma sha ɗaya suka biyo shi, suka yi ta tafiya har Marken Dutse.

Magajin Marken Dutse na wancan lokaci, Abdulmumini, dattijo ne mai faɗin zuciya. Ya fita da su bayan gari ya nuna da sandarsa. Ya ce daga kiryar can zuwa rafi babu mai wurin sai Allah, in suna da hannu su sare. Al'adar ƙasar kuwa kowa ya san ta, wanda ya sare daji ya tuge kututture, gona tasa ce, ta 'ya'yansa ce. Suka duƙufa. Ƙaya ce da sarƙaƙƙiya, ga macizai. A wannan daji gatari ya ɗauke wa Ishaku farcen babban yatsan ƙafa, har yau bai sake fitowa ba.

Sai dai sun iso shuka ta wuce, ga yara, ga mata masu ciki, ba ko tiya ɗaya ta hatsi. Magaji Abdulmumini ya buɗe rumbunsa ya ciyar da su har damina ta zagayo, bai taɓa goranta musu ba. Da suka yi kakar farko, Ɗantala ya bi gida-gida ya karɓi zangarniya mafi kyau a kowane gida, ya ɗaure dami ɗaya ƙato da hannunsa, ya ɗora a jaki, ya ce wa Ishaku ya kai wa Magaji da sunan gari duka, godiyar tuwon da suka ci. Magaji ya miƙe tsaye ya tarbi yaron, ya sa aka dama masa fura, ya ce Allah Ya bar zumunci.

To a nan gizo ya fara saƙa. A ƙasar nan akwai wani mai kai dami kuma, shi ne wanda aka ba aron gona. Duk kaka yana kai wa mai gonar dami ɗaya, don kada a manta ta waye. Ɗantala ya san haka sarai. Amma lokacin ƙasa a bagas take, wa zai zauna yana tantance damin godiya da damin aro? Badi ma aka kai, badin badaɗa ma aka kai. Da Ɗantala ya kwanta ciwon ajali, cikin abin da ya bar wa ɗansa har da cewa kada kaka ta wuce ba a kai damin nan ba.

Ishaku ya girma ya zama irin mutumin da gari ke taƙama da shi, kuma yake ɗan gundurarsu. Ba shi da dukiya, jaki ɗaya ne da awaki, sai gonar da ya sare da ubansa. Abin da yake da shi, shi ne magana ɗaya. Idan za a sayar da saniya, shi ake kira shaida. Idan an yi rabon gado, shi ke riƙe igiyar awo. In ka tambaye shi ko tumakinka sun yi ƙiba, zai duba ya ce a'a, ko da ranar sunan ɗanka ce. Matarsa Marka takan ce ta yi shekara talatin tana jira ya yabi miyarta, ran da ya yaba kuwa ta san lallai ta yi daɗi. Suka haifi 'ya'ya bakwai, biyu suka rayu, Lukman da Surayya.

Da Magaji Abdulmumini ya rasu, ɗansa Hamidu ya gaje shi, sai mutanen Tunga suka fara noƙewa. Mamuda, abokin Ishaku tun suna kamun kifi a tsohon gari, kuma maƙwabcinsa na gona, shi ya fara faɗa a fili.

"Ishaku, tuwon shekara guda munka ci. Shekara ashirin muna biya. Wanda yab ba mu ya kwanta dama. Ya isa hakanan."

Ishaku ya ce, "Baba bai ce sai Magaji ya mutu ba."

"To ka kai naka."

Ya kuwa kai. Bai sake bin gida-gida ba, ya riƙa zaɓo zangarniya daga gonarsa, ya ɗaure dami yadda ubansa ya koya masa, kai a haɗe, gindi a daidaice. Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma Ishaku ba ya son a ce garinsu ya yi butulci. Saboda haka duk shekara idan ya sauke damin a ƙofar Magaji, sai ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, ga saƙon mutanen Sabon Farin Yashi." Rufa wa garinsu asiri yake yi, bawan Allah, da hatsinsa.

Magaji Hamidu ba irin ubansa ba ne. Da fari baransa yake aikowa ya karɓa. Can daga baya sai ya soma fitowa da kansa, ya sa a kira liman da masu unguwanni su zo su gani. Wata shekara har ya sa aka ɗauke su hoto da waya, shi a kujera, Ishaku a durƙushe, dami a tsakani. Ishaku ya komo gida yana murna, ya ce wa Marka yaron nan ya fara hankali, ya soma girmama mutane. Marka ta dube shi ta ci gaba da tankaɗe.

Duk tsawon shekarun nan Tunga ba ta da dagacin kanta. Gari ya cika ya kai gida ɗari biyu, ga masallacin Juma'a, ga firamare, amma in akuya ta shiga gonar wani sai an taka zuwa Marken Dutse a zauna a ƙasa. Takin gwamnati a can ake saukewa, sai abin da ya rage. Rumfar zaɓe a can take. Rijiyar burtsatse da aka ce ta Tunga ce, a bayan gidan Magaji aka haƙa ta. Mutane suna ta haɗiye wannan, har lokacin da daji ya ƙi shiguwa. 'Yan bindiga suka hana kowa noman nesa, mutanen Marken Dutse suka bar manyan gonakinsu na gabas, ido ya dawo kan gonakin Tunga da ke kusa da gari. Nan aka fara jin wata magana da ba a taɓa ji ba, wai ai ƙasar aro ce.

Lukman a lokacin ya zama magidanci, yana sayar da maganin feshi a kasuwar Mafara. Wata rana ya ji a rediyo labarin wasu mutane da ake kira Inuit, can arewacin Kanada inda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Aka ce da suka tashi neman ƙasarsu, dattawansu suka zauna suka nuna a taswira inda iyayensu suka yi farauta da inda suka yi zango, aka daɗe ana jayayya, daga ƙarshe suka samu ƙasa da gwamnatin yankinsu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce su da ba su noma ma maganar tsofaffinsu ta yi musu rana, balle waɗanda kututturen da suka tuge yana nan a bakin gona. Daidai lokacin kuma aka kafa wani kwamiti mai duba buƙatun garuruwan da ke neman dagaci. Tunga ta rubuta takarda, tana neman abu biyu, dagacinta da iyakar ƙasarta.

Surayya, wadda ke koyarwa a firamaren garin, ita ta zana taswirar a bayan kwalaye huɗu da aka haɗa. Wanda ya cika ta kuwa Ishaku ne. Kwana tara yana gaba suna biye, yana cewa nan wane ya sare, nan aka kashe kububuwa, wannan jerin gamba ubansa ya dasa, kiryar da Magaji Abdulmumini ya nuna ga gindinta nan ko da an sare ta. Ba a taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Matasa suka riƙa ce masa Baban Gari. Har aka fara raɗe-raɗin in an samu rawani, kansa za a naɗa.

Saura kwana biyu kwamiti ya zauna, wani ya tsegunta wa Lukman cewa Magaji Hamidu ba shi da wata hujja sai dami, kuma da hotuna. Bayan la'asar Lukman da Mamuda suka sami Ishaku a ƙofar gida yana tufka igiya.

Lukman ya durƙusa ya ce, "Baba, za su tambaye ka da sunan wa kake kai damin nan. Ka ce da sunanka. Hatsinka ne, jakinka ne, shekara ashirin da huɗu babu wanda ya sa zangarniya ɗaya. Ai gaskiya ce."

Ishaku ya ce, "Hatsina ne. Amma ba da sunana nake kaiwa ba."

Mamuda ya ce, "Wa ya aike ka? Ni na aike ka?"

"Ba ka aike ni ba."

"To ƙarya kake yi musu tun can, ke nan. Yanzu ka gyara."

Wannan magana ta soki Ishaku, don bai taɓa kallon abin ta nan ba. Ya ajiye igiyar. Ya ce in an tambaye shi zai faɗi yadda aka yi tun daga tuwon Magaji Abdulmumini, ai masu ilimi ne, za su gane. Lukman ya ce masu ilimin nan garuruwa talatin ke gabansu, ba su da lokacin tuwo. Ya ce, "Baba, gida ɗari biyu ne. Kalma ɗaya ce." Tunda aka haife shi bai taɓa yi wa ubansa musu ba sai ranar. Ishaku ya ce Allah Ya kai mu.

Aka zauna a wani zaure a Mafara, mutum biyar a kan teburi, fanka tana juyawa ba iska. Surayya ta baje kwalayenta, shugaban kwamitin ya duba ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau. Aka kira dattawa uku suka faɗi saran daji. Har nan komai na tafiya daidai. Sannan Magaji Hamidu ya miƙa wayarsa aka duba, ya ce shi ba zai kawo shaida daga garinsa ba, ya yarda da mutumin da Tunga duka ta yarda da shi. A kira Malam Ishaku, kuma a rantsar da shi.

Ya fita ya yi alwala ya dawo, aka ɗora masa Alƙur'ani a hannu.

Shugaban ya ce, "Malam, kai kake kai wa Magaji dami duk kaka?"

"Ni ne, ranka shi daɗe. Amma asalin abin, shekarar da munka zo..."

"Za mu zo nan. Shekara nawa?"

"Arba'in da huɗu."

"An taɓa fashi?"

"Ba a taɓa ba."

"Idan ka kai, da sunan wa kake cewa ka kawo?"

Ishaku ya juya ya ga Mamuda, ya ga Lukman ya sunkuyar da kai, ya ga Surayya riƙe da gefen kwali. Ya san maganar da ke kan harshensa za ta ci gonakin garinsu. Ya nemi wata hanya a zuciyarsa, wallahi ya nema, bai samu ba, ga Littafi a hannu.

Ya ce, "Da sunan mutanen Sabon Farin Yashi."

Sakatare ya rubuta. Ishaku ya ce a ba shi dama ya faɗi maganar rumbu, da yunwa, da godiya, da cewa tun tuni gari ya daina sa hannu. Aka bar shi ya faɗa, amma alƙalamin sakatare yana ajiye, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ma ya fita amsa waya. Da ya gama, shugaban ya yi masa godiya, ya ce da ana samun dattawa masu gaskiya irinsa da ƙasar nan ta gyaru. Aka kira gari na gaba.

Bayan wata uku takarda ta fito. Ta ce mazauna Tunga da bakin wakilinsu sun tabbatar da kai damin aro shekara arba'in da huɗu ba fashi, don haka ƙasar tana ƙarƙashin Magajin Marken Dutse, maganar dagaci kuma ba ta taso ba. Ba a tashi kowa daga gidansa ba. Gonaki ne Magaji ya ce zai sake dubawa. Kafin ruwan farko, an raba fiye da rabinsu ga mutanen Marken Dutse. Mamuda, mai iyali goma sha huɗu, aka bar masa wani ɗan ɓangare wanda bai kai faɗin tsakar gida uku ba. Sauran gonar da ya sare yana saurayi, ƙanin matar Magaji ya samu.

Babu wanda ya zagi Ishaku. Da ma sun zage shi da ya fi masa sauƙi. An daina dai kiransa shaida. Aka yi rabon gado a gidan da ke jikin nasa, ya ji ta katanga an kira wani ya riƙe igiyar awo. Lukman ya kwashe iyalinsa ya koma Mafara, yakan aiko da cefane ta hannun direba. Surayya tana zuwa gaishe shi kullum, ta durƙusa ta tashi, ba ta ƙara ko kalma a kan gaisuwa.

Sai Magaji Hamidu ya ƙarasa aikin. Ran wata Juma'a, ana fitowa masallaci, ya aiko wakilinsa a mota ya tsaya a gaban jama'a, ya ce Magaji na gaida Malam Ishaku, kuma saboda gaskiyarsa an bar masa gonarsa duka, halak malak, ga takarda da hatimi. Ishaku ya sa hannayensa a baya ya ce ba ya so. Wakilin ya yi murmushi ya cusa takardar a aljihun rigarsa, ya shiga mota. Washegari da sassafe Ishaku ya taka har Marken Dutse ya ajiye ta a ƙofar Magaji ya juyo. Mutum ɗari uku suka ga an ba shi. Wanda ya ga ya mayar, bara ɗaya ne mai shara.

Daga ranar magana ta sauya. A da ana cewa taurin kai ne da wauta. Yanzu aka ce ashe ciniki ne, tun hoton farko aka shirya. Wannan ita ce ta karya shi. Ya yi wata guda ba ya fita sai masallaci, ya tsaya a ƙarshen sahu.

Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, nasa da ba nasa ba. Gonar Ishaku tana nan ba wanda ya taɓa, Magaji ya hana. Ya rantse a ransa ba zai sa mata iri ba, ko mutane za su gane. Ruwa na biyu ya zo, na uku ya zo, ciyawa ta rufe kunyoyi. Masu wucewa suka ce ji mai gona, ya ƙoshi har ya bar ta ga ciyawa, mu muna neman inda za mu sa ƙafa. Marka ta jira har ta gaji. Wata safiya ta kai shi bakin rumbu ta ce ya leƙa. Abin da ya rage ba zai kai su tsakiyar damina ba. Ta ce, "Malam, ni ban ce ka yi laifi ba, ban kuma ce ba ka yi ba. Amma ba zan yi bara a garin da ba a gaishe mu."

Ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri ya fita. Shuka ta riga ta makara, ya sani. Ya fara daga bakin iyaka, yana sara yana zuba iri yana takewa da ƙafa, shi kaɗai a tsakiyar fili, ko'ina hatsin mutane ya kai gwiwa.

Hantsi ya ɗaga sai ga Mamuda a kan turbar da ta bi gefen gonar, fartanya a kafaɗa. Ba tasa gonar ya nufa ba, an gama da ita tun ranar farko. Ƙwadago zai tafi, a tsohuwar gonarsa, wajen ƙanin matar Magaji. Shekara hamsin ba su taɓa haɗuwa da safe ba sai sun tsaya sun tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da awaki, har jakin Ishaku Mamuda yakan tambaya don tsokana.

Ishaku ya dakata ya dogara da sungumi. Ya ce, "Mamuda, an tashi lahiya?"

Mamuda ya rage tafiya. Ya dubi layin shukar da aka fara, tun daga iyaka har inda Ishaku yake tsaye. Ya gyara fartanya a kafaɗa ya wuce.

Ishaku ya bi shi da ido har ya shiga cikin hatsi. Sannan ya duƙa ya ci gaba da shuka, don saura layi arba'in kuma rana tana yi.